Wurin Aikin da Ake Tsoron Tambaya

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. A ce samari biyu ne suka fara koyon gyaran mota rana ɗaya a Garwa da ke arewacin Kamaru, kowanne a garejinsa. Bayan shekara uku sai a tarar ɗaya yana sauke inji ya mayar shi kaɗai, ɗayan kuwa bai wuce miƙo sufana da sayo shayi ba. Mutane za su ce wannan ya fi wancan kai. Sau da yawa bambancin yana wajen maigida ne, da irin zaman da ake yi a garejin.

Idan an ce yanayin wurin aiki, zafin watan Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40 a Garwa da Marwa, yana ciki, amma abin da ya fi nauyi shi ne yadda ake amsa wa ma'aikaci idan ya yi tambaya, da abin da ke faruwa da shi ranar da ya yi kuskure.

Wata malama a jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, ta binciki kurakuran ba da magani a asibitoci, tana zaton sassan da suka fi zaman lafiya da iya shugabanci su ne za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar nasu ya fi yawa. Da aka bi diddigi, aka gane cewa ba su fi kowa yin kuskure ba. Sun dai fi faɗinsa ne, domin ba sa tsoron a ci musu mutunci, alhali a sauran sassan ɓoyewa ake yi. A shekarar 1999 ta faɗaɗa wannan bayani da binciken rukunonin ma'aikata 51 a wani kamfani, kuma daga baya kamfanin Google ya binciki rukunoni 180 na ma'aikatansa ya isa ga magana kusan iri ɗaya.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin mun tashi da kunya da girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau da ba na fatan mu rabu da ita. Sai dai idan maigida ya mai da ita makami, yaro zai ce "to" alhali bai gane ba. Mu ne muke cewa matambayi ba ya ɓata, amma a shaguna da ofisoshi da yawa wanda ya tambaya shi ake yi wa tsawa a gaban abokan aikinsa. Ga kuma batun harshe: umarni yakan zo da Faransanci, ma'aikacin kuwa ya fi sakewa da Hausa ko Fulatanci, sai ya yi shiru don kada a ce bai yi boko ba. A masana'antar gurzar auduga, inda injuna ba sa jiran kowa, irin wannan shirun yana iya cin yatsa.

Dokar ƙwadago ta Kamaru ta shekarar 1992 ta ƙayyade awa 40 a mako a ayyukan da ba na gona ba, ta kuma tanadi wakilan ma'aikata da za su kai koke. Amma doka ba ta shiga cikin muryar da shugaba yake magana da ita, kuma yawancin masu koyon ɗinki, walda da kanikanci suna wuraren da mai duba aiki bai cika leƙawa ba.

A garejin farko, ranar da yaron ya karya noti, maigidan ya kira shi gefe ya ce, "Zo ka nuna mini yadda ka ɗaure shi." Ya gyara masa riƙo, sannan ya miƙa masa wani notin ya ce ya sake ɗaurawa a gabansa.