Viollet-le-Duc: Mai Gyara Ko Mai Ƙari?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. A Faransa akwai maginin da ya rasu tun 1879, amma har gobe ba a daina gardama a kansa ba. Sunansa Eugène Viollet-le-Duc.

An haife shi a Paris a 1814. Ya ƙi shiga babbar makarantar zane ta birnin, ya gwammace ya zaga Faransa da Italiya yana zana tsofaffin gine-gine da hannunsa. A 1840, yana ɗan shekara 26, aka damƙa masa majami'ar Vézelay da ke dab da rushewa, ya kuwa tsayar da ita. Daga nan ƙofa ta buɗe: majami'ar Notre-Dame ta Paris, ganuwar birnin Carcassonne da ke kudancin Faransa, da fadar Pierrefonds wadda ya tayar wa Sarki Napoleon na Uku daga kango.

To, ina matsalar? Shi a wurinsa gyara ya wuce faci. Ya rubuta ƙarara cewa gyara shi ne a mayar da gini cikakke, ko da bai taɓa zama haka ba a tarihinsa. A Carcassonne sai ya rufa hasumiyoyi da baƙin falalen dutse irin na arewacin ƙasar, alhali kudu an saba da jan rufi na gasasshen yumɓu. Masu suka suka ce wannan ai ƙaga tarihi ne, kuma a nan kam suna da gaskiya.

Amma ku ji yadda ta kaya. Doguwar hasumiyar Notre-Dame mai tsawon mita 96, ta katako da darma, shi ya kafa ta a 1859, bayan an sauke ta asali tun ƙarshen ƙarni na 18. Har fuskarsa ya sa aka yi wa ɗaya daga cikin gumakan da ke gindinta, ya juya yana kallon aikinsa. Da gobarar 15 ga Afrilun 2019 ta cinye hasumiyar, an yi ta batun a kawo sabon zane na zamani. A Yulin 2020 Shugaban Faransa Macron ya amince a mayar da ita yadda take, wato yadda mutumin da ake zargi da ƙari ya zana ta. A Disambar 2024 aka sake buɗe majami'ar.

Ni dai a ganina, wanda zai tuhume shi ya fara tambayar kansa: da bai sa hannu a Vézelay ba a 1840, me za a tarar a wurin yau?