Darasi: Yadda Ake Shirya Ɗaki a Gida Don Watsa Shiri Kai Tsaye

MAI GABATARWA: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan Jos muke zuwar muku, kuma darasin yau na masu son yin layib ne daga gida: malamin da ke karantarwa, mai sayar da atamfa da leshi, mai sharhin ƙwallo. Injiniya, sannu da zuwa. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa, kyamara zai fara saya ko?

INJINIYA: Yauwa Malama, sannu da aiki. A'a, kyamara ce ta ƙarshe. Wayar da ke aljihunsa ta ishe shi somawa. Masu kallo suna haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma da zarar murya ta lalace sai su watse. Don haka da ɗakin za a fara. Ki shiga, ki rufe ƙofa, ki tsaya a tsakiya ki tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. [ya tafa] Kin ji wannan ƙarar da ta biyo bayan tafin? Amsa-kuwwa ke nan. Bangon siminti, tayil a ƙasa, gilashin taga, duk suna dawo da sauti, shi ya sa ake jin mutum kamar daga cikin rijiya yake magana.

MAI GABATARWA: Wasu na manna kiret ɗin ƙwai a bango.

INJINIYA: Wahalar banza ce. Kwali ne marar kauri, abin da yake shanyewa bai taka kara ya karya ba, ga tara ƙura da kyankyasai, ga saurin kama wuta. Abin da ke shanye sauti shi ne abu mai laushi da kauri. A shimfiɗa kafet ya rufe aƙalla rabin ƙasan. Labule mai nauyi a taga, wanda faɗinsa ya ninka faɗin tagar biyu, domin ya yi ninki-ninki. Bangon da kike fuskanta in kina magana, da na gefenki biyu, a rataya musu bargo mai kauri, irin na gwanjo da ake samu a Kasuwar Katako. Kada a manna shi a jikin bango, a bar tazarar santimita 5 zuwa 10, ya fi aiki a haka. Katifa in an jingina ta a kusurwa tana taimakawa, haka ma kantar littattafai. Sai a sake tafawa. In tafin ya mutu nan take, an zo wurin.

Amma a gane wani abu. Duk wannan gyaran sautin cikin ɗaki ne, ba ya tare hayaniyar waje. Soson da ake mannawa a bango ba zai hana ki jin Keke Napep ko injin markaɗen maƙwabta ba. Maganin wannan zaɓen ɗaki ne: wanda ya fi nisa da titi, sannan a toshe ƙasan ƙofa da tawul, domin ta kafar da iska ke bi ta nan ƙara ke shigowa. Nan Jos kuma muna da tamu matsalar, wato ruwan sama a kan rufin kwano, daga Afrilu har Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. Wanda ke gidan bene ya ɗauki ɗakin ƙasa, mai rufin siminti a sama. Wanda ba shi da wannan, to makirufonsa ne zai cece shi. A kuma duba agogo: kada a sa shiri ya faɗa kan kiran salla, ko safiyar Lahadi in akwai coci mai lasifika kusa.

MAI GABATARWA: To mu zo kan makirufon. Wanne za a saya?

INJINIYA: Iri biyu ne a kasuwa, kondensa da dainamik. Kondensa shi ne wanda ake gani a hotunan situdiyo, kuma shi matasa suka fi rububi. Kunnensa ya cika kaifi, yana kwaso komai, har kukan akuya a bayan gida, kuma mai wayar XLR, wato mai soket mai fil uku, sai an ba shi wutar bolt 48 daga akwatin sautin da ke haɗa shi da kwamfuta. A ɗakin gida dainamik ya fi. Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x, dukansu suna shiga kwamfuta kai tsaye ta USB. Sharaɗinsa ɗaya, a kusance shi: tazarar yatsu huɗu zuwa tafin hannu ɗaya daga baki, a ɗan karkace shi gefe don kada iskar "fa" da "ba" ta riƙa dukansa. Kusancin nan shi ne sirrin, domin muryarki za ta rinjayi ƙarar ruwa da ta titi. Kada a ɗora shi a kan teburin da ake dafawa, a sa masa hannun ƙarfe mai maƙalewa.

Mai amfani da waya kuwa, ɗan ƙaramin da ake maƙalawa a wuyan riga ya wadatar, irin Boya BY-M1, wayarsa mita 6 ce. Yana da ɗan makunni, ɓangare ɗaya na kyamara, ɗaya na waya. In aka bar shi a inda bai dace ba, wayar za ta koma ɗauka da nata makirufon, mutum ya gama shiri bai sani ba. A ƙwanƙwasa shi da farce kafin a fara, a ga ko ma'aunin sauti ya motsa. Kuma mayafi ko hijabi kada ya riƙa gogarsa.

A OBS Studio, manhajar watsa shiri daga kwamfuta, wadda kyauta ce, ma'aunin sauti yana da kore, rawaya da ja. Maganarki ta yau da kullum ta riƙa wasa a cikin rawaya, wajen lambar -12 a jikin ma'aunin. In tana zama a ja, za ta tsage in kin yi dariya ko kin ɗaga murya, kuma tsagaggiyar murya ba ta gyaruwa. A ƙara matatar rage hayaniya, amma da sauƙi. In ta yi yawa tana cinye ƙarshen kalmomi. Sannan iyafis dole ne. Duk wanda ya buɗe layib ɗinsa a wata waya da lasifika, muryarsa za ta koma makirufo bayan 'yan daƙiƙoƙi, ta yi ta maimaita kanta.

MAI GABATARWA: Fanka fa? Ita ma tana shiga.

INJINIYA: A kashe ta, musamman ta silin. Mu mutanen Jos mun ci sa'a da sanyinmu. Mai kallonmu daga Abuja a watan Maris, shi kam ya kunna na'urar sanyaya ɗaki minti 30 kafin shiri, sannan ya rage ta zuwa mafi ƙarancin iska.

Sai haske. Taga ba ta zama a bayanki, in ba haka ba fuska za ta zama inuwa. Babbar fitila tana gaba, a karkace kamar digiri 45 daga kyamara, sama da ido kaɗan, nisan mita ɗaya, da farin ƙyalle a gabanta don hasken ya yi laushi. Ɗaya gefen, farin kwali ya isa ya dawo da haske ya rage inuwa. Fitilar zobe tana yi, sai dai mai tabarau ya ɗaga ta sama ko ya kai ta gefe, don kada zobe biyu su fito a idonsa. Kada a gauraya farin ƙwan fitila da mai ruwan ɗorawa. A tsaya a kan launi guda, 5,600K a ma'aunin launin haske shi ne mai kama da hasken rana. A matso daga bangon baya da mita ɗaya ko ɗaya da rabi.

Ga abin da ya shafe mu musamman. Baƙar fata da farar shadda mai sheƙi: kyamara za ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, fuska ta dushe. Ko a sa kaya mai matsakaicin launi, ko a danna fuska a allon waya a riƙe har hasken ya kulle a kanta. Yadi mai ƙananan ratsi kuma rawa yake yi a hoto, a guje shi.

MAI GABATARWA: Akwai masu tambayar wasu baƙaƙen layuka da ke yawo a hoto.

INJINIYA: Wutar Najeriya bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙananan ƙwayaye masu araha kuma suna ƙifta ido tare da ita. Kyamarori da yawa suna zuwa a saitin ƙasashe masu 60, irin Amurka. A shiga saiti a mayar da shi 50Hz, a ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, shota, wato tsawon lokacin ɗaukar kowane hoto, a 1/50 na daƙiƙa. In ƙaramin janareta ne, juyawarsa ba ta tsayawa daram, layukan na iya dawowa. Fitila mai aiki da batir ce maganin.

Kyamarar kanta ba dogon zance: ta bayan waya ta fi ta gaba, a ɗora a kan ƙafa daidai tsayin ido, a goge gilashin, ballantana lokacin hunturu da ƙura, a cire rigar wayar don kada ta yi zafi ta tsaya.

MAI GABATARWA: Yanzu sai babbar magana, wuta da intanet.

INJINIYA: Lissafi za mu yi. Laftof wat 65, rauta 12, fitila biyu 60, cajin waya 15, kusan 150 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da ƙarfin wat 1,200 na awa ɗaya. In na ruwa ne ko jel, rabi kawai ake ci don kada ya mutu da wuri, saura 600. Inbata ta ci nata, a ce 500. Raba da 150, awa uku da 'yan mintuna. Ya ishi yawancin shirye-shirye. Shawarata, duk kayan ɗakin su zauna a kan inbata tun daga farkon shiri ko da akwai wuta, domin lokacin canjin layin wuta rauta ke mutuwa, kuma kafin ta farfaɗo minti ɗaya ko biyu sun wuce, masu kallo sun tafi. Wanda bai da inbata ya sayi ƙaramin batirin rauta, laftof da waya dama suna da nasu. Inbatar ta zama mai tsaftatacciyar wuta, wadda aka rubuta wa Pure Sine Wave. Mai arahar tana sa wani "zzz" a murya. In kin ji shi, zare cajar laftof. In ya ɗauke, daga wuta ne, sai a haɗa duk kayan a ekstenshan guda kuma a raba wayar makirufo da wayar wuta. Janareta kuwa waje, nesa da taga. Wannan ba don ƙara kaɗai ba, hayaƙinsa kisa yake yi.

Intanet kuma, gudun ɗorawa ake dubawa, ba na saukewa ba. A buɗe Speedtest, manhajar auna gudun intanet, a cikin ɗakin, a daidai lokacin da za a riƙa yin shirin, domin layin da ke gudu da hantsi yana iya rarrafe bayan Isha'i. Abin da za ki tura kada ya wuce rabin abin da kika gani. In ɗorawa ta kai megabit 6, ki tsaya a ingancin hoto na 720p da bitiret 3,000, wato tura data megabit 3 a daƙiƙa. Mai son 1080p da 6,000 sai ya ga 12 tsayayye. A saitin OBS a zaɓi CBR, wato tsayayyen bitiret, a sa daƙiƙa 2 a gurbin Keyframe Interval, bitiret na sauti kuma 128. Data kuma: 3,000 na cin kusan gigabait 1.4 a awa, 6,000 na cin kusan 2.8. Ni dai 720p marar yankewa nake ba mutane shawara, tunda galibin masu kallo a waya suke.

Rauta ta zauna a bakin taga, a ja wayar intanet, wato Cat6, daga gare ta zuwa laftof; wannan wayar ta fi Wi-Fi tabbas. A roƙi mutanen gida su sauka daga layin. A tanadi layin wani kamfanin daban a gefe. Mai yi da waya ya sa ta a yanayin jirgi, sannan ya kunna Wi-Fi, in ba haka ba kira ɗaya zai katse shirin. Masu Starlink, intanet na tauraron ɗan adam wanda ya shigo Najeriya a 2023, su ma su san ruwa mai ƙarfi yana raunana shi.

In hoto ya fara tsayawa, ki dubi ƙasan OBS. In adadin Dropped Frames, wato hotunan da suka kasa tafiya, na hawa, laifin intanet ne, rage bitiret. In ya rubuta Encoding Overloaded, kwamfuta ce ta gaji: rufe sauran manhajoji, ki mayar da aikin kan NVENC ko QuickSync, sassan kwamfuta masu sarrafa bidiyo, in tana da su.

MAI GABATARWA: Ranar farko sai a danna kawai a fara?

INJINIYA: Haba Malama. YouTube na iya ɗaukar awa 24 kafin ya buɗe wa sabon mutum damar layib, kuma mai yi daga manhajar waya sai yana da mabiya 50, don haka a nema tun kwana ɗaya kafin shirin. A yi gwajin minti 15 a ɓoye, Unlisted a YouTube ko Only Me a Facebook, a saurara da iyafis a wata waya. In baki na riga murya ko murya na riga baki, a gyara a Sync Offset na OBS, saitin jinkirta sauti, a fara da 200 ana ƙarawa ko ragewa. Mabuɗin watsawa, waɗannan dogayen haruffan da ake liƙawa a OBS, kada ya fito a allo, duk wanda ya kwafe shi zai iya watsa abin da ya ga dama a shafinki. Kada a sa waƙar wani a bayan fage, za a iya toshe sautin ko a dakatar da shirin. Sannan a leƙa allo a ga me ke bayanki: ƙofar da iyali ke wucewa, madubi, takardar da ke da lambar asusu, kayan makarantar yara masu ɗauke da baji. A juya kujera ta ba bango baya, a sa wa ƙofa sakata, a kuma gaya wa mutanen gida ƙarfe nawa za a gama.

MAI GABATARWA: Mun gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. Jama'a, sai mun haɗu a darasi na gaba.