Dolly Parton, yarinyar da aka biya kuɗin haihuwarta da buhun garin masara

Jama'a barkanmu da war haka. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna kaset ɗin Don Williams ko Kenny Rogers, da wuya a ce muryar matar nan ba ta taɓa shiga kunnensa ba, wato Dolly Parton. To amma kun san inda ta fito kuwa?

Ranar 19 ga Janairun 1946 aka haife ta a jihar Tennessee ta Amurka, can cikin duwatsu, a wata 'yar bukkar katako mai ɗaki ɗaya tal. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12. Talauci kam ba a magana, don likitan da ya karɓi haihuwarta ma buhun garin masara babanta ya ba shi, babu ko sisi a gidan. Shi uban manomi ne, bai iya karatu da rubutu ba, amma ita Dolly har gobe cewa take a wurinsa ta gaji wayon kasuwanci. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Waƙa kuma ta ɓangaren uwa ta zo. Kakanta fasto ne, a cocinsa ta fara buɗe murya, wani kawunta ya ba ta gita, tana shekara 10 har an fara jinta a rediyo da talabijin a Knoxville, tana 13 ta hau dandalin Grand Ole Opry, wanda a harkar waƙar country, wato salon waƙar karkarar Amurka, babu sama da shi, kuma Johnny Cash da kansa ya gabatar da ita.

A 1964 ta gama sakandare, washegari ko hutawa ba ta yi ba ta hau bas sai Nashville, cibiyar waƙar country. Ranar da ta sauka ta haɗu da Carl Dean a ƙofar shagon wanki, shi ta aura a 1966, suna tare har ya rasu a 2025.

Farko fa ba muryarta ce ta ci kasuwa ba, alƙalaminta ne. Kamfanin faifan waƙa na Monument cewa suka yi muryar ba ta dace da country ba, ta yi pop, sai da wata waƙa da ta rubuta da kawunta Bill Owens ta yi tashe a bakin Bill Phillips sannan suka sakar mata mara. A 1967 Porter Wagoner ya ɗauke ta shirinsa na talabijin, 'yan kallo suka dinga ihu suna kiran sunan Norma Jean, mawaƙiyar da Dolly ta gada a shirin. Ta daure, shekara 7 tana nan, da za ta tafi a 1974 ta yi masa bankwana da waƙar I Will Always Love You.

Nan wayon baba ya yi rana. Elvis Presley ya so ya rera waƙar, manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallaka. Elvis fa! Wani da gudu zai sa hannu. Ita ta ce a'a, ta koma gida ta sha kukanta. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar ta zaga duniya, haƙƙin kuma na nan a hannun Dolly.