Abincin kyauta ne, amma wa zai biya kuɗin firiji?

Malam Bashir: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fodkas. Yau ina tare da Hajiya Rabi da Malama Zainab, kuma za mu tattauna ne kan kuɗin da gwamnatoci ke bai wa bankunan abinci domin su raba abinci mai saurin lalacewa kafin ya ƙare a juji. Hajiya, sai ki fara fayyace mana sunan, domin duk wanda ya ji kalmar banki, kuɗi ne ke fara faɗo masa a rai.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne, Malam. Bankin abinci sito ne da ke karɓar rarar abinci daga gonaki da masana'antu da manyan kantuna, ya tantance, sannan ya miƙa wa ƙananan ƙungiyoyin da ke ciyar da mabuƙata kai tsaye. Na farko shi ne wanda John van Hengel ya kafa a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka cikin 1967, sannan aka buɗe na farko a Turai a birnin Faris cikin 1984. Shekara da shekaru abin da suka fi ajiyewa shi ne abincin gwangwani da busasshen hatsi, saboda ko wata shida suka yi a kan kanta ba abin da zai same su. Madara da nama da kifi da ganyayyaki kuwa, waɗanda jiki ya fi buƙata kuma talaka ya fi kasa saye, su ne sito ke tsoron karɓa.

Malama Zainab: Kuma su ne suka fi saurin komawa shara. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a 2022 an zubar da abinci kimanin tan biliyan 1.05 a gidaje da wuraren sayar da dafaffen abinci da kantuna, a shekarar da mutane miliyan 783 ke fama da yunwa. Idan abincin ya ruɓe a juji yana fitar da iskar metan mai ɗumama duniya, har an ƙiyasta cewa asarar abinci da zubar da shi na da alhakin kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na iskar da ke janyo ɗumamar yanayi.

Malam Bashir: To amma bari in yi tambayar da mai biyan haraji zai yi. Tunda kanti ya ba da abincin kyauta, 'yan sa-kai kuma ba albashi suke karɓa ba, kuɗin gwamnati na mene ne?

Hajiya Rabi: Na taɓa yin aikin sa-kai a irin wannan sito, saboda haka bari in kwatanta maka yadda yini guda ke kasancewa. Da la'asar sai wata masana'anta ta bugo waya cewa tana da katan ɗari biyu na madara da saura kwana uku wa'adinta ya cika, a zo a kwashe kafin gobe da hantsi ko a zubar. Daga wannan lokaci kowane sa'a yana da lissafi. Dole a samu mota mai firiji, da direban da zai tashi da asuba, da mai. Da motar ta iso, kafin a sauke komai, sai an cusa ma'aunin zafi tsakanin katan-katan an rubuta abin da ya nuna, domin madarar da ta haura digiri 5 ta daɗe a haka ba a raba ta, daskararren nama kuma a digiri 18 ƙasa da sifiri ake riƙe shi. Bayan haka sai ɗakin sanyi da wutar da ba ta yankewa, sai kuma a yi ta kiran ƙungiyoyi ana tambayar wacce ke da firijin da zai ɗauki katan goma. Na sha ganin an ce wa mai kyauta a'a, ba don babu masu buƙata ba, sai don babu inda za a saka kayan su kwana.

Malama Zainab: Ko a gona haka zancen yake. Manomin da kanti ya ƙi karɓar amfaninsa saboda siffarsa ba ta yi kyau ba, yakan lissafa kuɗin masu girbi da na buhu da na dako, sai ya ga ya fi masa sauƙi ya bar shi a gona ya bi ta kansa da garma. A Birtaniya, ƙungiyar FareShare ta daɗe tana biyan manoma wannan kuɗin girbi da dakon kaɗai, ba kuɗin amfanin ba, kuma a 2018 gwamnatin ƙasar ta ware fam miliyan 15 domin rarraba rarar abinci. A Kanada ma, lokacin annobar korona a 2020, da gidajen abinci suka rufe aka bar manoma da kaya a hannu, gwamnati ta ware dalar Kanada miliyan 50 domin a saye rarar a kai wa mabuƙata.

Malam Bashir: Na ji, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Babban kanti yana biyan kuɗi kafin a kwashe masa shara. Idan sito ya zo da motar da gwamnati ta saya ya kwashe masa rarar da shi da kansa ya yi odarta fiye da kima, ashe ba an ɗauke masa nauyin ɓarnarsa da kuɗin jama'a ba ke nan? Ga shi kuma ya samu yabo a jarida.

Malama Zainab: Wannan ƙorafi yana da tushe, Malam, kuma Faransa ta bi ta wata hanya saboda shi. A watan Fabrairu na 2016 ta kafa dokar da ta wajabta wa duk kantin da faɗinsa ya wuce murabba'in mita 400 ya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar agaji, ta kuma haramta lalata abincin da ke ciyuwa, domin a da wasu kantuna na kwarara sinadarin wanki a kan abincin da suka zubar don kada a tsince shi. Italiya a wannan shekarar ta zaɓi lallashi maimakon tara, ta rage takardun da mai kyauta ke cikewa. Amurka kuwa tun 1996 ta yi dokar da ke kare wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya daga shiga kotu.

Hajiya Rabi: Sai dai doka tana tura abinci ne zuwa ƙofar sito, ba ta sayo firiji. Idan aka tilasta wa kanti bayarwa ba tare da an ƙarfafa mai karɓa ba, abin da ke faruwa shi ne kanti ya turo kwandunan da rabinsu ya riga ya fara ruɓewa, 'yan sa-kai su wuni suna tsincewa, a ƙarshe sito ne zai biya kuɗin kwashe sharar. Juji kawai aka sauya wa adireshi.

Malam Bashir: Ke nan ke kina goyon bayan tallafin ba tare da sharaɗi ba?

Hajiya Rabi: Ina goyon bayansa, amma ina da ja kan yadda aka saba bayar da shi. Gwamnatoci sun fi son tallafin sayen kaya na lokaci guda, saboda ɗakin sanyi sabo fil abu ne da minista zai tsaya a gabansa a ɗauki hoto. Ba wanda ke yanke kyalle don kuɗin wuta ko albashin direba ko gyaran injin da ya tsaya cikin dare, alhali su ne ke cin kuɗi kowane wata. Idan tallafin shekara ɗaya ne, sito ba zai iya yi wa manomi alƙawarin zuwa a kaka mai zuwa ba, manomi kuma ba zai sauya tsarin girbinsa saboda wanda bai da tabbas ba. Gara a ba da kuɗi kaɗan na shekara uku ko biyar, a haɗa har da ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarshen layi, waɗanda sau da yawa firiji ɗaya ne ke tsakaninsu da karɓar nama.

Malama Zainab: Ni kuma ma'aunin da ake amfani da shi ne ke damuna. Yawanci da nauyi ake auna nasara, tan nawa aka kuɓutar, kuma wannan na sa sito ya fi son kaya masu nauyi, ko da lemon kwalba ne, a kan ganyen da ba shi da nauyi amma ya fi amfani. Ya kamata a tambayi nawa ne mutane suka ci, nawa ne kuma ya lalace a hannun sito. Sannan kada mu manta, a rahoton da na ambata kashi 60 cikin ɗari na ɓarnar a gidaje take faruwa, kantuna kashi 12 ne kacal, kuma babu motar sito da za ta shiga ɗakin girkin kowa.

Malam Bashir: Shi ya sa har yanzu ban gamsu gaba ɗaya ba. Idan gwamnati na da kuɗi, me zai hana ta sa shi a aljihun mabuƙaci ya sayi abin da ransa ke so, maimakon ya bi layi ya karɓi abin da kanti ya kasa sayarwa?

Hajiya Rabi: Ban musa maka ba, Malam, kuma ban taɓa ganin ma'aikacin sito da ya ce aikinsa ne maganin talauci ba. Amma ko an ƙara wa kowa kuɗi gobe, masana'antar nan za ta sake bugo waya da la'asar, madarar kuma kwana uku ne dai ya rage mata.

Malam Bashir: To, a nan za mu dakata, domin lokaci ya cim mana. Malama Zainab, a shiri na gaba za ki zo mana da bayani kan kwanan watan da ake bugawa a jikin kaya, wanda ke nufin kada a ci bayan ranar da wanda ke nufin ɗanɗano kawai zai ragu. Hajiya, Malama, na gode. A huta lafiya.