Oza, Tola da Miskali: Yadda Ake Mai da Awon Zinariya na Dā Zuwa Miligiram

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin masu sayen gwal a Yaba ko Idumota a Legas ya san ɗan sikelin nan mai batir da giram yake magana. Amma farashin da Alhaji ke dubawa a wayarsa da oza ake faɗarsa, sarƙar da aka sayo a Dubai wani lokaci da tola aka auna ta, malamin da zai lissafa maka zakka kuma miskali zai ce. Ya ake haɗa su?

Mu fara da inda mutane suka fi faɗawa rami. Oza iri biyu ce. Wadda ake auna kayan abinci da ita giram 28.35 ce. Ta zinariya da azurfa, wadda ake kira ozar turoi, giram 31.10 ce, kuma galibi ana danganta sunanta da garin Turwa na Faransa, inda ake cin babbar kasuwa a zamanin dā. Tsakaninsu akwai giram 2.75. A shinkafa ba wanda zai ɗaga kai. A gwal kuwa, wannan nauyin zobe ne guda. Abin dariyar ma, labar turoi oza 12 ce kacal, giram 373.24, alhali labar kasuwa giram 453.59 ce. Wato ozar zinariya ta fi nauyi, labarta kuma ta fi sauƙi.

Mabuɗin lissafin duka shi ne giren, awon da asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ne. Tun yarjejeniyar 1959 aka tsayar da shi a kan miligiram 64.79891, wato mikirogiram 64,798.91 (mikirogiram 1,000 ne miligiram ɗaya). Giren 24 su ne feniwet ɗaya, feniwet 20 su ne oza ɗaya, don haka oza giren 480 ce. Tolar Indiya giren 180 ce, giram 11.66.

Ga misali. A ce tsohuwar takarda ta nuna oza 3, feniwet 7, giren 12. Kada ka juya kowanne daban kana yanke lambobin bayan ɗigo, nan ne kuskure ke taruwa. Mai da komai giren tukuna: 1,440 da 168 da 12, sun zama 1,620. Sai ka ninka da 64.79891. Amsa: miligiram 104,974, kusan giram 105. Ka raba 1,620 ɗin da 180, za ka ga tola 9 ce cif. Idan karat 22 ne, kashi 22 cikin 24 ne zinariya tsantsa, wato giram 96.23. Sauran jan ƙarfe ne ko azurfa.

Miskali kuma namu ne tun kafin zuwan Turawa, da shi fatake suka auna garin zinariyar da ya ratsa Timbuktu zuwa ƙetaren Sahara. Dinarin da halifa Abdulmalik bn Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan hijira miskali ɗaya ne, wato giram 4.25, shi ya sa nisabin miskali 20 yake zama giram 85. Sai dai a kasuwannin dā miskalin wannan gari kan ɗan sha bamban da na wancan, saboda haka in ka ga kalmar a tsohon kundi, fara tambayar inda aka rubuta shi.

Yanzu ga wurin da ya fi burge ni. Masu gwajin ma'adinai na son sanin oza nawa ce ta zinariya a cikin tan guda na dutse, kuma ba mai iya narka tan a ɗakin gwaji. Sai suka yi lissafi: gajeren tan na Amurka laba 2,000 ne, daidai da ozar turoi 29,166 da ɗoriya. Suka ce to, mu ɗebi garin dutse miligiram 29,166, wato giram 29.166. Kowane miligiram na zinariya da ya fita daga wannan ɗiba yana nufin oza guda a tan. Ba sai an taɓa alƙalami ba, sikeli ya gama aikin.

Yadda ake fitar da ita: a haɗa garin da sinadarin dalma a narka, dalmar ta kwashe zinariya da azurfa ta kwanta a ƙasa. A ɗora dunƙulen a ɗan kasko na tokar ƙashi a mayar wuta, kaskon ya shanye dalmar, ya bar ɗan ƙwallo mai ƙyalli. Ruwan asid ya cinye azurfar, abin da ya rage a auna.

Yau sakamako da giram a tan ake bayar da shi, oza ɗaya a gajeren tan kuwa daidai take da giram 34.29 a tan mai kilo 1,000. Ɗibar giram 30 da ɗakunan gwaji ke yawan yi, in dutsen na da giram 5 a tan, mikirogiram 150 kawai za ta bayar. Sikelin teburin Yaba sifili zai nuna.