Yadda Ake Ɗaura Batirin Fitila a Jikin Firam na Keke

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan lokaci. Yau batirin fitilar keke za mu ɗaura. Ga shi nan a hannuna, irin mai 'ya'ya huɗu a cikin jakar yadi. Kowane ɗa ana ce masa 18650, don kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65, nauyinsa kuwa bai kai giram 50 ba. An haɗa su biyu-biyu, shi ya sa idan ya cika yake ba da bolt 8.4. Ku riƙe wannan lambar, za ta yi mana amfani wajen caji.

Sau da yawa mutum zai ce batirinsa ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. Girgizar hanya ce ta kwance dalmar da ke ciki, ko kuma waya ce ta tsinke saboda ja a bakin mahaɗa, wato inda wayar batir ke haɗuwa da ta fitila. To ɗaurin da za mu yi, waɗannan biyun zai yi wa magani.

Sai mu zaɓi wuri. Ku dubi tsakiyar keken nan, inda ƙarafa uku suka haɗu suka yi kusurwa uku. A cikin nan batir zai zauna. Ni na fi son ƙarƙashin ƙarfen sama, kusa da wuya, don wayar ba za ta yi nisa da fitila ba, kuma ƙarfen yana ɗan tare masa rana. Amma idan kana ɗora yaro a kan wannan ƙarfe, kamar yadda da yawanmu ke yi in za a kai su makaranta, ka sauko da shi kan ƙarfen da ya gangaro daga wuya zuwa feda, ta samansa. Kada ka sa ta ƙasansa. Duk ruwa da yashi da tsakuwar da tayar gaba ta kwaso can take watsa su, ko da madigadi. Kada kuma ka rataye shi a kan keken, wato wajen riƙo, zai dinga lilo yana fizgar ka a kwana.

Masu sababbin kekuna, ku duba, za ku ga ramukan noti biyu na mariƙin gorar ruwa, tsakaninsu milimita 64. Ku ɗaura mariƙin, ku sa batir cikin tsohuwar gora, ku cusa soso har ya daina motsi, shi ke nan kun huta. Mu masu Phoenix da tsohuwar Raleigh ba mu da waɗannan ramuka, kuma ina roƙonku kada wanda ya huda firam. Rami yana raunana ƙarfe, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci shi daga ciki ba ka gani.

Ga abin da za mu yi. Wannan tsohuwar tiyub ce, kowane mai faci zai ba ka. Na yanko falle mai faɗin tafin hannu, na naɗe ƙarfen da shi sau biyu. Robar nan ita ce katifar batirin: tana shanye girgiza, tana hana zamewa, ba ta bari fenti ya kankare. Yanzu na kwantar da batir a tsaye da tsawon ƙarfen, ba a gicciye ba, don kada gwiwa ta dinga bugunsa. Bakin da waya ke fitowa ya kalli ƙasa. Sai maɗauri biyu na Velcro, wato irin mai mannewa da kansa, ɗaya gaba ɗaya baya. Biyu fa, ba ɗaya ba. Maɗauri ɗaya a tsakiya yana barin batir ya dinga kaɗa kai da gindi. Ka ja har sai ka kama shi ka jijjiga ka ga keken ne ke motsi gaba ɗaya.

Nan ina so ku saurare ni da kyau. Kada a ɗaure batir da wayar ƙarfe, kada a matse shi da maƙalin ƙarfe mai noti. Batirin litiyam idan aka lotsa shi ko aka huda shi yana iya kamawa da wuta, ga shi kuma tsakanin ƙafafunka yake. Ku duba kuma kada maɗaurin ya danne wayar birki ko ta giya, a zura shi ta ƙarƙashinsu.

Saura wayar fitila. Kafin ka ɗaure ta, juya kan keken dama har ƙarshe, juya hagu har ƙarshe. Kun gani? Nan ta ɗame. Sai na ƙara mata sako-sako kamar tsawon yatsa, in sake juyawa. Yanzu ta sake. Wannan ɗan lanƙwasar da na bari tana kallon ƙasa kafin mahaɗa, da gangan ne, don in ana ruwa ya bi ta ya ɗiga ƙasa maimakon ya gangara cikin mahaɗar. Ragowar wayar a naɗe ta, a kama ta da siririyar robar tiyub a wuri biyu ko uku, kada ta yi reto ƙafar wando ko bakin riga ya fizge ta.

In za ka shiga masallaci ko kasuwa, zare mahaɗa, ɓalle Velcro, sa batir a aljihu. Ka tsare shi daga ɓarawo, ka kuma tsare shi daga rana, domin zafin bazara yana rage masa kwana sosai. Wajen zarewa a kama kan mahaɗar, ba wayar ba. Caji kuwa a inuwa, da cajarsa ta 8.4, kada a gwada masa ta bolt 12, kuma in ya yi zafi a bari ya huce tukuna.

Bari mu gwada. Na kunna fitila, na ɗaga tayar gaba kamar taƙi guda, na sake ta ta faɗi. Sau uku. Haske bai ƙifta ba, ba na jin ƙwas-ƙwas. In naka ya ƙifta, mahaɗa ce ba ta shiga sosai ba, ko waya ta ɗame a wuya, sai ka koma can ka gyara. Bayan tafiyar kwana biyu a sake jan maɗauran, don roba takan kwanta su ɗan saki. Sai mun haɗu a darasi na gaba, wassalamu alaikum.