Jawabin maraba ga Mama Raisa Petrovna Smetanina daga ɗalibai Hausawa da ke karatu a Rasha

Assalamu alaikum jama'a, malamanmu da suka samu zuwa, ƴan'uwa ɗalibai na Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, sai kuma babbar baƙuwarmu wadda saboda ita muka baro ɗakunanmu cikin wannan sanyi, Mama Raisa Petrovna, ranki ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya, ya gajiya ya mutanen gida. Tafinta don Allah a bi ni a hankali kar wata kalma ta faɗi a hanya. Mu a wurinmu duk macen da ta haife ka ko ta yi jika da kai Mama ake ce mata, shi ya sa za ki ji ina ta maimaitawa, kuma ɗan abin da muka tanada ba yawa ne da shi ba amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Yawancinmu nan ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonmu ba sai da muka sauka a ƙasar nan, to bari in ɗan yi wa sababbin zuwa bayani. Gudun siki na dogon zango shi ne mutum ya ɗaura dogayen katakai sirara guda biyu a ƙafa, ya riƙe sanda biyu a hannu, ya yi ta tura kansa cikin daji kilomita 5, 10, 20, hawa da gangara da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa duk da ƙarfin jikinsa, babu inji babu mai ja, ga iskar da mutum ke shaƙa tana yankan ƙirji kamar reza. Wannan shi ne aikin da Mama ta yi wa duniya sarauta a kai.

An haife ta ranar 29 ga Fabrairu 1952 a ƙauyen Mokhcha da ke yankin Izhma na ƙasar Komi cikin Rasha, can arewa inda mutane ke kiwon barewar ƙanƙara kuma siki a wurinsu abin tafiya ne kafin ya zama wasa. Ku lura da ranar nan fa, 29 ga Fabrairu sai bayan shekara huɗu take zagayowa, kuma duk gasar Olamfik biyar ɗin da ta je, 1976, 1980, 1984, 1988, 1992, kowace a watan Fabrairu aka yi ta kuma a shekarar da ranar haihuwarta ke fitowa a kalanda, ni dai wannan abu yana burge ni wallahi.

Tun 1974 a Falun ta ƙasar Suwidin ta fara cin zinaren duniya tare da ƙungiyar Tarayyar Sobiyet a gudun karɓa-karɓa, wanda mata huɗu kowacce ke yin kilomita 5 ta taɓa ƴar'uwarta ta ci gaba. Amma Olamfik na Innsbruck ta Ostiriya a 1976 nan ne kowa ya san sunanta. A kilomita 5 Helena Takalo ta Finlan ta riga ta da daƙiƙa ɗaya da ɗan abu, daƙiƙa ɗaya fa jama'a, kafin ka ce bismillah ta wuce, Mama ta karɓi azurfa, da aka dawo kilomita 10 sai ta rama, ta doke Takalo ɗin da abin da bai ma kai daƙiƙa ɗaya ba bayan gudun minti talatin, ta ƙara da zinaren karɓa-karɓa. A Lake Placid ta Amurka 1980 ta je ta ɗauko zinaren kilomita 5 ɗin da ya kuɓuce mata, ga azurfa a karɓa-karɓa bayan Jamus ta Gabas. A 1982 kuma a Oslo ta Nowe, gidan masu abin, ta zama zakarar duniya a kilomita 20.

To ranki ya daɗe, inda ni zuciyata ta fi tsayawa shi ne shekarun da suka biyo baya, don cin zinare kina da ƙuruciya mutane da yawa sun yi, sai su ci su tafi. A Sarajevo 1984 Marja-Liisa Hämäläinen ta Finlan ta kwashe duk zinaren gudun mutum ɗaya, ke kika tsaya a bayanta sau biyu, kilomita 10 da 20, azurfa biyu, kina da shekara kusan 32, lokacin da sa'o'inki suka fara ajiye sanda. Sannan wasan kansa ya canza a hannunki, aka shigo da sabon salo na tura ƙafa gefe da gefe wanda ya fi sauri, alhali ke tun yarinta salon gargajiya kika sani inda ƙafafu ke bin layi biyu a miƙe, wato kamar a ce wa tsohon masaƙi ya sake koyon riƙe ƙoshiya ne, kuma ba ki ce kin girmi koyo ba, kika je Calgary ta Kanada 1988 kika ci azurfa a kilomita 10 na gargajiya sannan kika ci tagulla a kilomita 20 da sabon salon nan, kina dab da cika 36. Duk cikin lambobinki goma na Olamfik ita kaɗai ce tagulla, amma da za a ce in zaɓi wadda zan taɓa da hannuna ita zan zaɓa.

Sai Albertville ta Faransa 1992. Tarayyar Sobiyet ɗin da kika yi wa gudu shekara da shekaru ta ruguje a Disambar 1991, kuka je ba tutar ƙasa ba taken ƙasa, tutar Olamfik aka ɗaga muku. Ku huɗu ne a karɓa-karɓa, Yelena Välbe ta fara ta miƙa miki, ke kika miƙa wa Larisa Lazutina, Lyubov Yegorova ta rufe, kuma ita Välbe ɗin nan lokacin da kika ci zinarenki na Innsbruck ba ta ma cika shekara 8 ba. Kuka ci zinare saura kwanaki kaɗan ki cika 40. Zinare 4, azurfa 5, tagulla 1, ke ce mace ta farko da ta tara lamba goma a Olamfik na hunturu, sai a 2002 Stefania Belmondo ta Italiya ta kamo ki, daga baya Marit Bjørgen ta Nowe ta wuce zuwa 15. Babban filin siki da ke kusa da Syktyvkar, babban birnin Komi, sunanki yake ɗauke da shi, yara suna ta atisaye a wurin.

Mama mu nan akwai masu karatun likita na shekara shida bayan shekarar koyon yare, akwai wanda rabonsa da ganin mahaifiyarsa tun ranar da ta raka shi filin jirgi, rana tana faɗuwa kafin mu fito daga aji, kuma ba na ɓoye miki akwai daren da mutum ke lissafin kuɗin tikitin komawa gida. Shi ya sa da aka ce wa za mu gayyata sunanki muka fara kawowa, muna so mu ji daga bakinki me ke tayar da ke da asuba a shekarun nan na azurfa, da kuma yadda kika ji ranar da kika fara koyon sabon salo tsakanin yaran da kika girma nesa ba kusa ba. Ƴan matanmu sun ce tasu tambayar daban ce, za su yi da kansu.

Ga shayi nan an dafa, ga kilishi da wani ɗan'uwanmu ya taho da shi daga gida, akwai yaji a jiki a ɗan ɗanɗana a hankali, sannan ga wani mayafi na saƙar hannu da muka haɗa kuɗi muka aika aka kawo miki. Jama'a a miƙe a tafa mata. Mama Raisa Petrovna bismillah, ga abin magana.